Farantin Sola a Zafin Rurum: Yadda Sel Ɗin HJT Ke Aiki da Yadda Ake Ƙera Shi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin noman rani ya sauya a ƙasar Rano da Kibiya, kamar yadda ya sauya a sauran sassan Kano. Manomin Rurum Sabon Gari yana ganin ruwan madatsar Tiga da idonsa, amma ɗaga ruwa zuwa gona sai da inji, inji kuwa sai da mai. Shi ya sa zancen sola ya fita daga bakin 'yan boko ya shiga bakin manoma, masu cajin waya, masu sayar da ruwan sanyi da kwamitocin masallatai. Duk wanda ya je sayen faranti, tambayarsa ɗaya ce: wat nawa ne? A ce masa 450 ko 550, ya yi ciniki, ya ɗauko.

Akwai abin da lambar nan ba ta faɗa. A ɗakin gwaji ake auna ta, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafin farantin kuma digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A wurinmu, cikin watan Afrilu iska kanta takan kai digiri 40, farantin da ke shanye a rana kuma yakan ɗara iska da digiri 20 zuwa 30. Silikon da ake yin farantin da shi kuwa ba ya son zafi. Haske yake so, kuma duk digirin da ya hau, ƙarfinsa raguwa yake yi. Kowane faranti yana wannan asara, amma ba daidai suke yin ta ba. Cikin farantan silikon da ke kasuwar duniya a yau, wanda ake rubuta wa HJT yana daga cikin mafi ƙarancin asara a zafi. Dalilin haka yana cikin wani shafe da ido ba ya gani, kuma sai mun bi a hankali kafin mu kai gare shi.

Ka dubi faranti da kyau, za ka ga ƙananan murabba'ai a jere, an haɗa su da siraran wayoyi. Kowane ɗaya shi ake kira sel, kuma falle ne na silikon. Kowace zarra ta silikon tana da ilektiron huɗu a bayanta, kuma da su take riƙe da maƙwabta huɗu. A cikin fallen da aka yi da kyau, zarrorin a tsare suke daga wannan gefe zuwa wancan, babu wadda ta kauce daga layi. Idan hasken rana ya shiga, yakan fizge ilektiron daga mazauninsa, ya bar gurbi a wurin. Ilektiron ɗin yana iya yawo, gurbin ma yana iya yawo, domin ilektiron na kusa yakan faɗa cikinsa ya bar nasa gurbin a baya. Idan aka ƙyale su, ilektiron zai sake faɗawa wani gurbi, ƙarfin da haske ya kawo ya koma zafi, ba a amfana da komai ba. Saboda haka aikin sel gaba ɗaya shi ne ya raba su: ilektiron su fita ta fuska ɗaya, gurabe su taru a ɗaya fuskar, sai ilektiron sun bi ta waya sun juya famfo ko sun cika batir kafin su koma gida.

Ana yin wannan rabon ne da 'yar gauraya. Idan aka sa wa silikon ɗan fosfaras, sinadarin nan da harafin P ke wakilta a buhun takin NPK, zai samu rarar ilektiron, domin fosfaras biyar gare shi. Wannan shi ne nau'in n. Idan boron aka sa, mai ilektiron uku, za a samu rarar gurabe, shi ne nau'in p. Inda nau'in biyu suka haɗu akan samu wata gangara ta lantarki da ke tura ilektiron gefe guda, gurabe ɗaya gefen. Da wannan dabara masana uku na Bell Labs a Amurka suka fito da sel na silikon a 1954, wanda ke juya kimanin kashi 6 cikin 100 na haske zuwa lantarki.

To ina matsalar? Manomin rani ya san ta tun kafin masana. Ruwan da aka sako daga madatsa ba duka yake isa gona ba. Idan hanyar ruwan ta ƙasa ce, tana tsotsewa tana yoyo ta gefe, abin da zai isa kwamin albasa bai kai abin da aka sako ba. Idan aka shafe hanyar da siminti, ruwan madatsa bai ƙaru ba, amma wanda ke isa gona ya ƙaru. Haka sel yake. Cikin fallen silikon mai tsabta ilektiron ba ya yawan ɓata. A fuskokin fallen ne yoyon yake. A nan tsarin zarrori ya yanke, zarrar da ke baki ba ta da maƙwabciya ta huɗu, hannunta ɗaya a sake yake, kuma wannan sakakken hannu tarko ne: yakan cafke ilektiron, ya haɗa shi da gurbi, su mutu tare. Yoyon ya fi muni inda ƙarfe ya taɓa silikon kai tsaye. A sel irin na PERC, wanda ya mamaye kasuwa shekaru da dama, ana gasa layukan azurfa a zafin da ya kusa digiri 800 domin su huda shafen sama su taɓa silikon. Ta nan lantarki ke fita, ta nan kuma wani kaso nasa ke salwanta.

Injiniyoyin kamfanin Sanyo na Japan ne suka samo maganin a farkon shekarun 1990. Akwai wani silikon da zarrorinsa ba su da tsari, a hargitse suke, kuma cike yake da haidirojin. Idan aka shafa shi a fuskar falle, haidirojin da zarrorin shafen suna kama hannayen nan da ke sake, tarkon ya rufe. Da farko an gwada ɗora wanda aka riga aka gauraya da boron kai tsaye a kan falle, abin bai yi kyau ba, domin gaurayar kanta tana kawo nata lahani a daidai mahaɗar. Abin da Sanyo ya yi shi ne ya sa wani siririn shafe na zalla, wanda ba fosfaras ba boron, tsakanin fallen da shafen mai gauraya. Kaurinsa kimanin nanomita 5 ne. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, wato shafen bai wuce zarra 20 da 'yan kai a jere ba. A 1997 kamfanin ya fara sayar da farantan da sunan HIT. Tun da silikon iri biyu ne suka haɗu, mai tsari da marar tsari, aka san fasahar da mahaɗar jinsi biyu, HJT a taƙaice.

Idan ka yanka irin wannan sel na zamani ka bi shi daga sama zuwa ƙasa, ga abin da za ka tarar. Siraran layukan azurfa, a ƙarƙashinsu wani shafe garai-garai mai ɗaukar lantarki, sai siririn silikon mai fosfaras, sai shafen zalla, sannan fallen kansa, wanda nau'in n ne. Daga nan tsarin ya maimaita kansa a juye: shafen zalla, silikon mai boron, shafe garai-garai, layukan azurfa. Abin lura shi ne babu inda ƙarfe ya taɓa fallen. Shafen mai fosfaras yana barin ilektiron su wuce ya tare gurabe, mai boron kuma yana barin gurabe ya tare ilektiron. Kowa da ƙofarsa, kuma babu wanda ya ci karo da tarko a hanya.

Amfanin yana bayyana a bolt. Sel ɗin PERC, idan ba a ɗora masa kaya ba, yakan ba da milibolt 680 zuwa 690. Na HJT yakan ba da 740 zuwa 750. Bambancin kamar ba yawa, amma a nan zancen zafi ya shigo. Duk digiri ɗaya da sel ya ƙara zafi, yakan rasa abin da ya kusa milibolt 2. Wanda ya fara da bolt mai yawa yana rasa ƙasa da haka kaɗan, kuma abin da ya rasa ƙaramin kaso ne na abin da yake da shi. Shi ya sa a takardar bayanin faranti za ka ga PERC yana rasa kimanin kashi 0.35 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri, tsofaffin shuɗɗan farantai kimanin 0.40, sabon nau'in sel na TOPCon kimanin 0.30, HJT kuwa tsakanin 0.24 da 0.26.

Mu kawo lissafin gida. A ce faranti biyu ne a gona ɗaya a Rurum, kowanne an rubuta masa wat 500, rana ta take, zafin sel ya kai digiri 65. Ya ɗara na ɗakin gwaji da digiri 40 ke nan. Na PERC zai rasa kashi 14, ya koma wat 430. Na HJT zai rasa kashi 10, ya koma 450. Wat 20 a faranti ɗaya. Mai faranti goma da ke juya sumo a rijiyar burtsatse ya samu rarar wat 200 a daidai lokacin da shuka ta fi jin ƙishi. Ba zan ce wannan zai mai da talaka attajiri ba, amma riba ce ta kowace rana, shekara da shekaru, kuma ta fi tsoka a ƙasa irin tamu fiye da Jamus ko Japan.

Akwai ƙari biyu. Tun da bayan sel ɗin HJT kusan irin gabansa ne, yana karɓar haske ta fuska biyu, kuma bayan yana yin kashi 85 zuwa sama na aikin gaban, alhali na PERC kimanin 70 ne. Wanda ya kafa farantansa a kan ƙafafun ƙarfe a gona, sama da ƙasa mai haske ko farin tsakuwa, zai ci moriyar hasken da ke dawowa daga ƙasa. Wanda ya kwantar da su a kan rufin kwano bai samu komai daga nan ba. Na biyu, fallen nau'in n ba shi da boron a cikinsa, don haka ya tsira daga raunin da tsofaffin farantai ke samu a kwanakinsu na farko a rana, lokacin da boron ke haɗuwa da iskar oksijin da ke cikin silikon.

Yanzu sai yadda ake ƙera shi. Asalin abin farin dutse ne mai ƙyalli, kwaz. Ana zuba shi a tanderun lantarki tare da gawayi da kwal, a zafin da ya kusa digiri 2,000, oksijin ya fita, a samu silikon mai tsabtar kashi 98 zuwa 99. Wannan bai isa ba ko kusa. Sai a mai da shi wani sinadari mai saurin tashi tururi, a yi ta tace shi, sannan a sa ya sake daskarewa a kan sandunan silikon masu zafi, har ya zama cikin zarra biliyan ɗaya baƙuwa ba ta wuce ɗaya ba. Daga nan a narkar da shi a digiri 1,414, a sa ɗan fosfaras, a tsoma wani ɗan guntun silikon mai cikakken tsari a saman narkakken, a riƙa juya shi ana jan sa sama sannu a hankali. Zarrorin da ke daskarewa suna bin tsarin guntun, har a fito da doguwar sanda mulmulalliya da ta ɗara mita 2. Wani masani ɗan ƙasar Foland, Jan Czochralski, ya gano hanyar a 1916. Sai a sassaƙe gefunan sandar, a yanka ta falle-falle da siririyar waya mai garin daimon. Faɗin falle milimita 182 ko 210 ne, kaurinsa kuma kimanin kashi ɗaya cikin takwas na milimita ne. Har zuwa nan, HJT da TOPCon hanyarsu ɗaya.

A masana'antar sel ne HJT ke rabuwa da sauran, kuma matakansa huɗu ne kacal, inda TOPCon ke bin goma ko fiye.

Da farko wanka. Ana tsoma fallen a ruwan alkali, dangin sodar da ake sabulu da ita, ya cinye raunin da waya ta bari. Alkalin ba ya cin silikon daidai ta kowace fuska, saboda haka yakan bar miliyoyin ƙananan dala masu tsini a saman fallen. Silikon mai santsi yana mai da fiye da kashi 30 na haske sama, amma a kan dalar nan hasken da ya zame daga wannan gefe yakan faɗa wa na kusa, asarar ta sauko zuwa wajen kashi 10. Sannan a bi da wankin asid, a cire duk wani ɓurɓushin ƙarfe da tsatsar silikon. A nan babu sassauci, domin shafen da za a ɗora nanomita 5 ne, datti kaɗan ya isa ya ɓata shi. Ba a kuma barin fallen ya jima a iska bayan wanka.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Ana shigar da fallayen cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a ɗuma su zuwa wajen digiri 200, a sako iskar silen, wadda silikon ce da haidirojin, a kunna lantarki tsakanin faifai biyu. Iskar takan kama haske ta farfashe, ɓaraguzanta su sauka a kan falle su zama shafe. A yi na zalla gaba da baya, sannan a ƙara iska mai fosfaras a yi na gaba, a ƙara mai boron a yi na baya, kowanne a akwatinsa don kada su gurɓata juna. Ma'aikatan suna tafiya ne tsakanin haɗari biyu. Idan shafen ya yi kauri zai shanye hasken da ya kamata ya isa falle, idan ya yi siriri da yawa ba zai rufe tarkon ba. Idan kuma aka kuskure ma'auni, zarrorin shafen za su fara bin tsarin fallen, amfanin ya tafi. Iskokin ma ba na wasa ba ne: silen na kama wuta da kanta idan ta haɗu da iska, masu fosfaras da boron kuma guba ne. Sababbin masana'antu sun koma yin shafen mai gauraya da silikon mai ƙananan ƙwayoyi masu tsari a ciki, domin ya fi barin haske ya wuce.

Na uku, shafen garai-garai. Silikon marar tsari ba ya iya kai lantarki gefe zuwa layin azurfa, don haka ake ɗora masa haɗin indiyom da kuza da oksijin, kauri nanomita 70 zuwa 100. Shi ne sinadarin da ke fuskar wayar hannu mai latsawa. Kuza dai ba baƙuwa ba ce a kudancin Kano, an daɗe ana haƙo ta a Riruwai, amma indiyom ƙarfe ne mai wuyar samu da ake tsinta wajen tace zinki, kuma yana cikin abin da ke sa HJT tsada. Wannan shafe yana kuma rage hasken da ke komawa sama.

Na huɗu, buga layukan azurfa ta cikin raga, da dabarar da masu buga rubutu a riga ke amfani da ita, sai a busar a wajen digiri 200. Ba a wuce haka, domin zafi mai yawa yana korar haidirojin daga shafen, hannayen da aka kama su sake sakewa. Wannan ƙa'ida tana da riba: wuta kaɗan ake ci, falle ba ya lanƙwashewa, ana iya amfani da siriri. Tana kuma da hasara. Azurfar da ba a gasa sosai ba ba ta kai gasasshiya ɗaukar lantarki ba, dole a zuba da yawa. Shi ya sa masana'antu ke komawa garin jan ƙarfe mai rufin azurfa.

Bayan an gwada kowane sel da walƙiyar fitila, sai a jera su, a haɗa da dalma mai narkewa a ƙaramin zafi, a sa tsakanin gilasai biyu da ledar manni, a matse da zafi. Danshi babban abokin gabar HJT ne, saboda haka kamfanonin kirki suna toshe gefunan da roba ta musamman. Hasken rana mai ƙuna ma yana iya taɓa shafen a hankali idan ledar ba mai kyau ba ce. Faranti mai sel nagari da haɗi na banza ba zai yi ƙarko a damina da bazarar Kano ba.

A ɗakunan bincike fasahar ta yi nisa. Panasonic, wanda ya saye Sanyo, ya kai kashi 25.6 cikin 100 wajen juya haske zuwa lantarki a 2014. Kaneka na Japan ya haura 26 a 2016, LONGi na Sin ya kai 26.81 a Nuwamba 2022. Iyakar da lissafi ya nuna silikon shi kaɗai zai iya kaiwa ita ce kimanin 29.4. Farantan da ke kasuwa suna tsakanin kashi 22 da 24. Duk da haka ba HJT ke jan ragamar kasuwa ba, TOPCon ne, domin ana iya gyara tsofaffin injinan PERC su yi shi, HJT kuwa sai an sayi sababbi. Kamfanoni irin su Huasun da Risen a Sin, REC a Singafo da 3Sun a Italiya su ne suka rungume shi. Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 na kowane mataki na wannan sana'a a duniya. Abin da aka fi yi a Najeriya shi ne matakin ƙarshe, wato haɗa faranti da sel ɗin da aka shigo da su, kamar a masana'antar NASENI da ke Karshi.

Abin da ke damuna shi ne muna saye da ka. Jihar Kano tana da tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, wadda aka buɗe a Janairun 2023, Jami'ar Bayero tana da tata tun 2019, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil. Ya kamata ɗaya daga cikinsu ta jera PERC da TOPCon da HJT a fili guda, ta auna su tsawon bazara, damina da hunturu, ta wallafa sakamakon da Hausa, manomi ya san abin da kuɗinsa zai saya.

Kafin a kai can, ga shawarata ga mai niyyar saye. HJT ya cancanci ƙarin kuɗi idan wurinka ƙarami ne, ko za ka ɗaga farantan sama da ƙasa inda bayansu zai sami haske, kuma bambancin farashin bai yi yawa ba. Idan fili gare ka, ƙarin faranti ɗaya na TOPCon na gaske zai iya rufe gibin da kuɗi kaɗan. Kowanne ka saya, ka fuskantar da shi kudu, ka karkata shi digiri 10 zuwa 15, ka bar sarari a ƙarƙashi iska ta riƙa ratsawa, ka wanke shi da sassafe ko da yamma, domin ƙurar hunturu ta 'yan kwanaki tana iya cinye duk ribar da muka lissafa. Akwai kuma farantan da ake manna wa lambar ƙarya, harafi uku a kwali ba hujja ba ne. Ka sa mai kanti ya nuna maka takardar bayanin kamfani, ka gwada lambar jikin farantin da ta takardar, sannan ka nemi layin da ya faɗi asarar ƙarfi a kowane digiri. Idan ka ga 0.26 ko ƙasa da haka, farantin ya yi daidai da abin da ake tsammani daga HJT. Idan ka ga 0.35, kada ka biya kuɗin HJT.